Baƙuwar Auta

A gidanmu ba a cewa Auta ba shi da lafiya. Cewa ake yi baƙuwarsa ta zo. Inna ce ta raɗa mata wannan suna tun yana ɗan shekara biyar, don ba ta sallama, ba ta daɗewa, kuma ba ta taɓa ɓatan hanyar gidan ba. Yaro zai wuni lafiya lau yana bin ƙwallo a fili, da magariba sai ka tarar ya naɗe kan tabarma, gwiwa a ƙirji, jiki kamar garwashi. Ciki ya ɗaure tamau, ko zane ba ya so ya taɓa shi. Wani lokaci ciwon ya hau ƙirji, numfashi ya koma guntu-guntu. Kwana biyu, in ta yi tsanani uku, sai ya miƙe ya nemi fura kamar ba shi ba. Bayan sati uku, ko wata, ko wata biyu, ta komo.

Yanzu shekararsa 15. Na girme shi da bakwai. Ke nan shekara goma cur muna karɓar wannan baƙuwa a garinmu, can kusa da Maraɗi.

Duk zuwanta sai an kai shi likita. Majo ya soki yatsa, ya ɗiga jini, mu jira. Wani zubin gwajin ya nuna palu, musamman da damina, lokacin da ko wa aka soka sai an samu. Sau da yawa kuma bai nuna komai ba. Amma ko ya nuna ko bai nuna ba, da maganin palu ake dawowa gida. Bayan kwana biyu Auta ya tashi, kowa ya ce ai ga shi magani ya yi aiki. Da abin ya ƙi ƙarewa aka ce tifoyid ce. Aka ce a gwada emasi, wato amosanin jini, aka gwada, babu. Sau ɗaya a wani asibitin birni har an fara maganar fiɗa, wai hanji ne ya kumbura. Baba ya tafi neman kuɗi, kafin ya haɗa su yaro ya sauko daga gado yana tambayar takalminsa.

Ba likita kaɗai aka je ba, kun dai san gidajenmu. An sha rubutu, an yi turare, an yi wanka da saiwoyi. Goggo ta ce iska ce. Daga baya ta ce baki ne, har ta nuna bakin wa: wata maƙwabciyarmu da ta taɓa yaba wayon yaron a gaban mutane. Daga ranar Inna ta daina aika mata tuwon sallah. A lakwal kuwa wani mushe ya ce ƙarya ce kawai da lalaci, don shi bai taɓa ganin ciwon da ke kwantar da mutum ran Litinin ya sake shi ya buga ƙwallo ran Laraba ba. Wannan ta fi duk sauran yi wa Auta ciwo. Ya maimaita aji ɗaya saboda baƙuwar ta zo masa daidai ranar jarrabawa.

Masassara, palu, tifoyid, shawara, iska, baki, lalaci. Kowane suna da kuɗinsa ya zo. Palu jika biyu zuwa uku. Tifoyid ta ci buhun hatsi. Iska ta ci rago. Baki ya ci zumunci. Ban taɓa jera su haka ba sai bana, kuma abin da ya sa na jera su aikin aji ne.

Ina shekara ta uku a sashen nazarin harsuna a nan Yamai. Muna da darasi kan ƙirƙirar kalmomin fannoni, yadda za a samar wa kimiyya da shari'a da likitanci kalmomi a harsunanmu. Wata safiya Malam ya shigo da ƴan guntayen takardu a hula, kowa ya ɗauki ɗaya. Wani ya samu hawan jini, ya yi dariya don an riga an gama masa aiki. Ni na buɗe tawa na ga: maladies auto-inflammatoires. Sati uku, a kawo fassara da hujja.

Abu na farko da aka koya mana shi ne kada ka fassara kalmar da ba ka san abin da take nufi ba. Don haka na sayi mega, na zauna bakin ɗakinmu inda salula ke kamawa, na fara karatu. Misalin farko da ya fito shi ne wata cuta da ake kira masassarar gado ta Bahar Rum. Masassara mai zuwa tana komawa, kwana ɗaya zuwa uku. Ciwon ciki mai tsanani da kan sa a yi wa mutum fiɗa a banza. Ciwon ƙirji, kumburin gwiwa ko idon sawu. Tana farawa tun ƙuruciya. Tsakanin zuwa da zuwa mutum garau.

Na ajiye salular na shiga ɗaki na sha ruwa. Na fito na sake karantawa.

Daga nan aikin ajin ya zama wani abu dabam. Kuma duk shafin da na buɗe, da Faransanci ko da ɗan Ingilishin da nake lallaɓawa, suna ɗaya ke ta dawowa: Daniel Kastner.

Likita ne Ba'amurke, an haife shi a 1951. Abin da ya fara jan hankalina shi ne ba da likitanci ya fara ba. Falsafa ya karanta a jami'ar Princeton, sannan ya tafi Baylor a birnin Houston ya haɗa digiri biyu, na likita da na bincike. Irin waɗannan mutane ƙafa ɗaya a ɗakin marasa lafiya take, ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje. A 1985 ya shiga NIH, babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, don ya ƙware kan cututtukan gaɓoɓi. Bai daɗe ba aka kawo masa wani saurayi ɗan asalin Armeniya mai wannan masassara. Jiki yana nuna duk alamun yaƙi da ƙwayar cuta, amma an duba babu ƙwayar. Daga kan wannan saurayi sauran rayuwar aikinsa ta ɗauki hanya.

Cutar ba sabuwa ba ce a lokacin. Tun 1945 wani likita a New York, Sheppard Siegal, ya bayyana ta, ya ba ta suna mai ɗauke da kalmar da ke nufin marar haɗari. Wannan kalma kuskure ce, don daga baya aka gane cewa a wasu mutane cutar tana tara wani sinadari a ƙoda a hankali, shekara da shekaru, har ƙodar ta daina aiki. Faransawa suka kira ta maladie périodique, ciwo mai zagayowa. Likitocin Isra'ila a shekarun 1950 suka ba ta sunan da ya zauna, mai Bahar Rum a ciki, saboda ta fi yawa a tsakanin Armeniyawa, Turkawa, Larabawa da Yahudawan Arewacin Afirka da Iraƙi. Har magani an samu. A 1972 wani likita a Boston, Stephen Goldfinger, ya ba da rahoton cewa kolshisin, wani tsohon maganin ciwon gaɓoɓi da ake samu daga wani fure, yana hana ta zuwa in ana shan sa kullum. Daga baya aka tabbatar yana kare ƙoda ma. An san ana gadonta, an san maganinta, amma dalilinta ya ɓuya.

Kastner ya ce zai nemo dalilin a cikin ƙwayoyin gado. Ku tuna wannan kafin a gama karanta dukan rubutun gadon ɗan Adam ne, wanda sai 2003 aka kammala. Rubutun nan haruffa huɗu ne kacal, A, C, G da T, amma an jera su kusan biliyan uku, an raba su littafi 23. Shi kuma yana neman kuskuren harafi ɗaya, ba tare da ya san ko a wane littafi yake ba. A ƙarshen shekarun 1980 ya tafi Isra'ila, ya haɗa kai da likitocin da suka daɗe suna duba masu cutar, ya bi iyalai yana ɗibar jinin masu ciwo da na ƴan uwansu masu lafiya. Dabarar ita ce a ga wane yanki na rubutun ne kullum yake tafiya tare da ciwon daga iyaye zuwa ƴaƴa. A 1992 suka gano littafin: na 16. Sai da aka ƙara shekara biyar kafin a kai ga shafin. A 1997 aka samu ƙwayar gadon, aka kira ta MEFV.

Nan ne ɗalibar harshe ta ji kamar a gida take. Sinadarin da wannan ƙwayar gado ke ginawa jeri ne na guntaye 781. A nau'in cutar mafi tsanani, guntu ɗaya ne ya canza, na 694. Ɗaya tak. Mu a aji muna kiran irin wannan tagwayen kalmomi: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bara da ɓara. Lanƙwasa ɗaya a kan harafi, ma'ana ta juye. Wanda ya taɓa ganin yadda injin fotokofi ke cinye ƙugiyar ƙ a wannan ɗan littafin namu, har marubuci ya ce a sumbaci baƙi alhali baki yake nufi ko akasin haka, ya san abin da nake faɗa.

Sai rigimar suna. Ƙungiyoyi biyu ne suka kai ga ƙwayar gadon a shekara ɗaya, ta Kastner da abokan aikinsa na ƙasashe da dama, da wata ta Faransawa. Kowace ta raɗa wa sinadarin suna. Faransawa suka ce marenostrine, daga Mare Nostrum, wato tekunmu, yadda Rumawan da suke kiran Bahar Rum. Su Kastner suka ce pyrin, daga kalmar Girkanci mai nufin wuta, tushen da kalmarsu ta masassara ta fito. Ɗaya ya dubi inda masu ciwon suke zaune, ɗaya ya dubi abin da suke ji a jikinsu. Sunan Faransawan ya fi daɗin faɗi, ban musa ba. Amma na wutar ne ya fi yaɗuwa, kuma a ganina gara da aka yi haka.

Dalilina yana cikin abin da ya biyo baya. A 1982 an bayyana wani iyali mai asali da Ayalan da ke da masassara mai zagayowa, tasu mai daɗewa, har sati biyu ko fiye. Aka kira ta masassarar gado ta Hibernia, sunan Ayalan da Latin. A 1999 Kastner da wani likita mai suna Michael McDermott da sauran abokan aiki suka gano dalilinta a littafi na 12, suka kuma nuna cewa ba Ayalan kaɗai take ba, akwai ta a iyalai masu asali dabam-dabam. Suka cire sunan ƙasar, suka kira ta TRAPS, suna mai nuna inda matsalar take a jiki. Ita ma ta Bahar Rum an same ta har Japan. Suna mai ɗauke da wuri yana gaya wa likita inda zai duba, amma a lokaci guda yana gaya masa inda ba sai ya duba ba. Yaron da aka haifa a Gobir, wa zai tuna masa da teku?

A cikin wannan takarda ta 1999 ne kalmar da Malam ya ba ni ta fara fitowa. Ashe kalmar da nake fama da ita kusan sa'ata ce, kuma an san waɗanda suka ƙera ta.

Ga abin da take nufi, yadda na fahimce shi bayan na dami wata ƙawata mai karatun likita. Garkuwar jiki runduna biyu ce. Akwai wadda aka haife mu da ita, ita kamar karen gida take: ba ta san sunan ɓarawo ba, motsi kawai take ji ta yi haushi. Akwai kuma mai koyo, kamar maharbi, wadda ke gane sawu ta riƙe shi shekaru, ita ce allurar rigakafi ke koya wa darasi. An daɗe da sanin cututtukan da maharbin ke yin kuskure a cikinsu, ya ɗauki ɗan gida a matsayin abin farauta. Abin da su Kastner suka nuna shi ne akwai wani jinsin cututtuka dabam inda maharbin bai yi laifin komai ba. Karen ne ke tashi tsakar dare yana haushi babu ɓarawo. Unguwa ta fito da sanduna da wuta, a tattake shuka, a karya danga, gari ya waye kowa ya koma gida. Bayan wata ɗaya a sake. Pyrin yana cikin masu tsaron nan, kuma in ya motsa yakan sa a saki wani ɗan aike mai suna interleukin-1, wanda shi ke kunna masassarar.

Samun suna ya buɗe ƙofa. Likitoci daga ko'ina suka fara aika wa Bethesda marasa lafiyar da suka gagare su. Akwai jarirai da ake haifa da ƙuraje da masassara kullum, ciwon yana cin kunne da ido da ƙwaƙwalwa. A 2002 aka gano dalilin, a 2006 abokiyar aikinsa Raphaela Goldbach-Mansky ta jagoranci gwaji kan mutum 18 da wata allura mai toshe ɗan aiken nan, wadda asali don wani ciwon gaɓoɓi aka yi ta. Ƙurajen suka ɓace cikin kwanaki. A 2014 suka bayyana wata cuta, DADA2, mai sa ƙananan yara shanyewar ɓarin jiki, ciwon da muka saba gani ga tsofaffi. Nan ma aka samu maganin da ke tsayar da shi. A mafi yawan waɗannan ayyuka za ka ga sunan Ivona Aksentijevich kusa da nasa, tun daga takardar 1992. Na faɗi haka ne don labarin irin wannan yakan koma na mutum ɗaya, alhali ba haka yake ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta 2020. A aji an koya mana hanya biyu ta nazarin ƙamus: ko ka tashi daga ma'ana ka nemi kalmarta, ko ka tashi daga kalma ka nemi ma'anarta. Duk aikin Kastner na baya ta hanyar farko ya bi, ga ciwo, ina harafinsa. A wannan karon, tare da David Beck da Peter Grayson, suka juya. Suka ɗauki rubutun gadon mutane sama da 2,500 da aka rasa sunan ciwonsu, suka nemi kuskuren da ya maimaitu. Suka samu maza uku masu canji a wuri ɗaya na wata ƙwayar gado, UBA1. Da suka bi sawu suka kai 25, duk maza, duk manya, kowanne da sunan ciwon da aka laƙaba masa a baya. Ba gado suka yi ba, canjin a cikin ɓargonsu ya faru bayan sun girma. Aka kira ta VEXAS. Wani bincike na 2023 a Amurka ya ƙiyasta tana kama kusan namiji ɗaya cikin 4,000 na waɗanda suka wuce shekara 50. Cutar da ba ta da suna shekaru kaɗan da suka wuce, ashe ba ma ƙaranci gare ta ba. A 2021 Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ta ba Kastner lambar Crafoord.

Akwai kuma tambayar da duk wanda ya girma a nan zai gane nan take. Me ya sa harafi mai cutarwa ya yawaita haka a wasu al'ummomi maimakon ya ɓace? Mu mun san amsar a kan emasi: mai ɗauke da rabin gadon yana da kariya daga mummunan palu, shi ya sa ya yaɗu inda sauro yake. A 2020 ɗakin binciken Kastner ya fitar da hujjar cewa canjin pyrin ma haka ne, yana taimaka wa jiki a kan annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda ta sha share garuruwan Bahar Rum. Kare mai yawan haushi ya ceci kakanni, jikoki ke biyan kuɗin rashin barci.

Da na kai nan na riga na yanke hukunci a raina. Na je wurin ƙawar nan tawa a guje, na zayyana mata komai, har da cewa Inna da Baba ƴaƴan wa da ƙani ne, kuma cutar ta fi fitowa in an gaje ta ta ɓangare biyu. Ta bari na gama.

"Ke dai Allah ya shirye ki," ta ce. "Mu ma duk mun yi wannan ciwon a shekara ta biyu. Duk cutar da muka karanta sai mun gan ta a gidanmu."

Ta lissafa mini abubuwan da ke kawo masassara mai dawowa a ƙasa irin tamu: palun da bai mutu duka ba, wanda sabon cizo ya sake kawowa, ciwon mafitsara, tarin fuka, har da wata masassara da cizon kaska ke sawa a yankin Sahel, wadda ake yawan ɗauka palu ce. Ta ce majon da nake jin haushinsa, in ya ba yara ɗari maganin palu da damina ya ceci rayuka, kuma ba shi da lokaci ko kayan aikin da zai tsaya kan na ɗari da ɗaya. Sannan ta riƙe hannuna ta ce in rantse ba zan je in sayi kolshisin in aika gida ba. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kashewa ƙanƙanuwa ce, ba maganin da ake saye a tiren ƴan talla ba ne. Na rantse. Ina maimaita shi a nan don wanda zai karanta wannan ya tuna da wani a gidansu.

Na ji haushinta kwana biyu. Gaskiya ta faɗa. Amma ni ma akwai abin da na riƙe. Kalmar masassara a bakinmu ta zama rumbu, duk abin da aka rasa inda za a sa sai a jefa ciki. Da an ce masassara an ce palu, da an ce palu an gama magana. Shekara goma ba wanda ya taɓa tambayar kwana nawa take yi, ko kwana nawa take ɗauka kafin ta komo. Kowane zuwa sabon shafi ne, sabuwar takardar magani, ta baya ta riga ta zama ƙunshin ƙosai. Wanda ya ga zuwa ɗaya palu zai gani. Sai wanda ya ga talatin a jere zai ga wani abu, ko mene ne shi.

Ranar gabatar da aiki na fara da fassarar kai tsaye don in nuna inda take kaiwa. Auto shi ne kai, inflammation an saba cewa kumburi. Ke nan kumburin kai. Aji ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce ai rabin malaman jami'a na da wannan. Malam ya yi kamar bai ji ba. Na ce kumburi ma bai isa ba, don tun zamanin Rumawa alamu huɗu ake lissafawa, ja da zafi da kumburi da ciwo, kuma asalin kalmar Latin ɗin kunna wuta take nufi. Wuta ce a pyrin, wuta ce a nan ma. Sai na kawo abin da nake taƙama da shi: gobarar kogi. Hausawa sun riga sun san gobara daga kogi, ɓarnar da ta fito daga inda ake sa ran taimako. Garkuwar da ke ƙona mai ita, me ya fi wannan dacewa?

Malam ya cire tabarau. "Ƙarasa karin maganar."

Na ce, "Maganinta Allah."

"To. Kin ce akwai ƙwayar da ake sha kullum. Kin ce akwai allura. Uwar da aka gaya wa ɗanta na da gobarar kogi, kunnenta zai ƙarasa sauran da kansa. Za ta koma likita?"

Ban da amsa. Na shafe minti goma ina sukar mutanen da suka sa marar haɗari da sunan teku a cikin suna, ga ni na sa babu magani a cikin nawa. Abin da na miƙa daga ƙarshe dogo ne, ba shi da ado: cututtukan da jiki ke hura wa kansa wuta. Ya ba ni 13 bisa 20, ya rubuta a gefe cewa a gwada shi a bakin mutanen gari.

Na gwada. Na kira Inna da dare, bayan gaisuwa na ce akwai wani abu da muka karanta. Na ba ta labarin karen da ke haushi babu ɓarawo, na faɗi sunan. Ban yi maganar auren zumunci ba, kuma ba ni da niyya. Ta yi shiru har na duba ko kuɗin sun ƙare.

"Wato babu mai hura mai? Jikinai ka hurawa da kainai?"

"Haka suka ce, Inna. Amma ban ce shi ne na Auta ba. Sai likita ya duba."

"Na jiya. Amma akwai irin wanga ciwo a duniya, wanda ba wani ya yi ma mutum ba."

"Akwai."

"To," ta ce. Sai ta shiga tambayata ko ina cin abinci.

Da aka yi hutu na hau mota, wuni guda a hanya, kilomita sama da 600. A jakata akwai kaye mai shafi 100 da ma'aunin zafin jiki da na saya a farmasi. Na ja layuka: ranar da ta zo, ranar da ta tafi, zafin jiki safe da yamma, inda ke ciwo, abin da gwajin palu ya nuna, maganin da aka sha. Layi na ƙarshe na rubuta a kansa, yadda na ji. Auta ya ce wannan kuma na mene ne. Na ce nasa ne, ya rubuta abin da ya ga dama, da Hausa. Muka zauna da Inna muka tono na baya gwargwadon abin da ta tuna, tana auna su da sallah da girbi da haihuwar maƙwabta. A hutun nan ne na ga yarinya ta fita da kwano rufe da faifai, na tambayi ina za a kai. Inna ta ce in bar tambayar abin da bai shafe ni ba. Gidan maƙwabciyar nan aka nufa da shi.

Bayan wata biyar, da zuwa huɗu a rubuce, Baba ya kai shi wurin wani likitan yara a Maraɗi. Ni ina Yamai, Auta ne ya ba ni labari. Ya ce likitan ya karɓi kayen kamar zai ajiye, sai ya buɗe, sai ya gyara zama. Ya karanta har layin ƙarshe, inda Auta ya rubuta: kamar an ɗaura mini igiyar guga a ciki ana ja daga rijiya. Ya tambayi wa ya ce a yi wannan. Bai faɗi sunan ciwo ba. Ya sa a gwada fitsari don a ga lafiyar ƙoda, aka gwada, lafiya lau. Ya ce a zo a ɗebi jini ranar da take tsakiyar ci, a sake ɗiba in ta tafi, a kwatanta. Ya ce gwajin ƙwayoyin gado sai an aika jini waje, kuma ba a kai nan ba tukuna. Ya ce a ci gaba da rubutawa.

Shekaranjiya ina cikin amfi salulata ta yi motsi. Saƙo ne daga lambar Baba, amma rubutun na Auta ne: "Yaya ta zo tun jiya da dare. 39,4. Na rubuta. Gobe za mu tahi a ɗebi jinin."